A gwada noman "kore da jawo" a gonakinmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu binciken noma na Samaru kan aikin da Farfesa Zeyaur Khan ya yi a icipe, cibiyar binciken ƙwari da ke Kenya. A shekarun 1990 ne shi da masanan cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila suka fara nazarin yadda tsirrai ke kare kansu da ƙamshi.

A dabarar da suka fito da ita, wato "kore da jawo", ana shuka wata ganye mai suna desmodium, danginta ɗaya da wake, a tsakanin kunyoyin masara. Ƙamshinta kan kori malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar kara. A gefen gona kuma sai a kewaye da ciyawar nafiya, wata doguwar ciyawar dabbobi, wadda ke jawo shi ya yi ƙwai a kanta. Tsutsa na fara huda ciyawar sai wani ruwa mai danƙo ya fito ya maƙale ta, yawancinsu ba sa kai labari.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙuduji. Wanda ya taɓa ganin jan furensa ya rufe gonar dawa, kara ya tsugune bai kai gwiwa ba, ya san irin baƙin cikin. Saiwar desmodium na fitar da sinadarin da ke sa irin ƙuduji ya tsiro, sannan ya hana shi kama saiwar hatsi, sai ya mutu. Dabbobi kuma su sami harawa.

Kuɗin maganin feshi ya gallabe mu. Ina roƙon a gwada mana wannan a ƙasarmu mai gajeren damina, a kuma samar da irin waɗannan tsirrai.

Wassalam,
Manomi daga Giwa, Jihar Kaduna