Sujadar Godiya Domin Ƙasa Ba Dandalin Kirari Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina a kan sujadar godiya da ikilisiyoyi kan shirya domin ƙasa, musamman sababbin salon da matasa ke shigowa da su, waɗanda wasu dattawanmu ke yi wa kallon hadarin kaji.

A irin wannan sujada da muka yi bara a majami'ar da nake zuwa, matasa sun tsaya a bakin ƙofa da kwando cike da tsakuwa, duk wanda ya shigo sai su danƙa masa guda ba tare da wani bayani ba. Dattijon da ke zaune kusa da ni ya jujjuya tasa a tafin hannu, ya yi tsaki, ya ce an kawo wasan yara gidan Allah. Sai da aka karanta Joshuwa sura ta 4 sannan aka ce kowa ya fito ya ajiye tsakuwarsa a gaban bagade, ya ambaci abu ɗaya tak da yake gode wa Ubangiji a kansa game da ƙasa. Wata gwauruwa ta fito ta ce ta gode da ɗanta soja ya dawo gida da ƙafafunsa, amma ta ƙi sakin tsakuwar har sai da aka yi addu'a domin iyayen da nasu 'ya'yan ba su dawo ba. Majami'a ta yi tsit, kuma ban tuna wa'azin da ya taɓa ratsa ni kamar wannan shirun ba.

Ina girmama damuwar dattawa, amma wannan salo ba baƙo ba ne ga Littafi Mai Tsarki. A surar nan ta Joshuwa, duwatsu goma sha biyu aka ɗebo daga tsakiyar Kogin Urdun aka kafa a Gilgal, domin idan yara suka tambayi ma'anarsu a ba su labari. A Littafin Firistoci sura ta 23 an umarci jama'a su bar ɗakunansu su zauna cikin bukkoki har kwana bakwai, domin jiki ma ya tuna da zaman jeji. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Maimaitawar Shari'a sura ta 26, inda manomi zai kawo nunan fari a kwando ya miƙa wa firist, sannan ya karanto tarihin al'ummarsa da bakinsa, tun daga kakansa mai yawo, da bautar Masar, da kukan da aka yi, kafin ya iso kan ƙasar da aka ba shi. Ba a yarda ya tsallake wahalar ya dira kan ni'imar ba.

A nan ne nake da ƙorafi, domin akwai wani salon da shi ma ake kira sabo, alhali kwalliya ce kawai. Za a ƙawata majami'a da fitilu da tutoci, a jera manyan baƙi a kujerun gaba, a ɓata fiye da awa guda ana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, baiko ya koma gasa, har mutum ya rasa wa ake yi wa godiyar. Gaskiya ne Manzo Bulus a 1 Timoti sura ta 2 ya ce a yi addu'a da godiya domin sarakuna da dukan masu iko, kuma ya kamata mu yi hakan da zuciya ɗaya, sai dai addu'a daban, kirari daban. Annabi Amos, a sura ta 5, ya shaida wa masu ibada cewa Allah ya ƙi bukukuwansu da amon waƙoƙinsu muddin ana danne gaskiya a wurin shari'a.

Akwai kuma masu cewa ina abin godiya a ƙasar da ke fama da rashin tsaro da tsadar rayuwa. Ba na raina wannan tambaya, amma a dubi Amurka. Shugaba Abraham Lincoln ya fitar da shelar ranar godiya ta ƙasa ne a ranar 3 ga Oktoba, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata uku kacal bayan gumurzun Gettysburg da ya ci dubban rayuka. A cikin shelar ya haɗa godiya da tuba saboda taurin kan al'umma, ya kuma nemi a danƙa gwauraye da marayu da masu makoki a hannun Allah. Sai a 1941 ne majalisar ƙasar ta tsayar da ranar a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ko me ranar ta zama a yau, tushenta bai jira an samu sauƙi ba.

Don haka roƙona ga fastoci da shugabannin mawaƙa shi ne su sakar wa matasa mara su kawo wasan kwaikwayo, da zane, da sababbin waƙoƙi, amma su tambaye su me jama'a za su tuna bayan an tashi, kuma su bar gurbi a tsarin sujada domin tuba da makoki. Tsakuwar tamu tana nan tare a gefen bagade har yau, kuma a makon jiya jikata ta ja ni da hannu tana tambaya me ya sa masu shara ba su kwashe ta ba.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan ikilisiya