Karatunmu na wannan satin

Salama ƴan'uwa cikin Almasihu, fatan kowa ya tashi lafiya, ya sanyin Katsina.

Wannan satin Nehemiya sura 8 za mu karanta, don Allah kowa ya duba kafin addu'ar Laraba. Jiya da dare an ɗauke wuta na haska da fitilar waya ina karantawa, wurin nan ya tsaya mani a rai sosai, Ezra ya buɗe littafin shari'a jama'a duka suka miƙe tsaye, tun sassafe har rana tsaka ana karatu suna saurare, suka ɗaga hannu suna amin amin, suka rusuna suka yi wa Ubangiji sujada, wasu har kuka. Mu ko in ba a buga ganga da jita ba sai mu ga kamar ba a yi sujada ba, ana fara karatun Littafi Mai Tsarki wasu sun koma kan WhatsApp (ni ma ban tsira ba gaskiya).

Baba da Mama masu ciwon ido, matasa ku daure ku karanta masu da Hausa a gida. Ƙarfe 5 na yamma za mu fara, a zo da wuri.