Hoton da ke kan katin zaɓe ya ceci ƙuri'ar mahaifiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina goyon bayan a ci gaba da tilasta nuna kati mai hoto kafin a kaɗa ƙuri'a, kuma ga dalilina.

A zaɓen 2023 ni na kai Inna rumfarmu a Funtuwa. Shekarunta sun haura saba'in, daka da wanki sun cinye zanen yatsunta. Ta ɗora babban yatsa sau uku, na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe ba ta karanta ba. Sai yarinyar da ke aikin ta ɗaga na'urar zuwa fuskarta, nan take ta yi daidai da hoton rajistarta. Inna ta dangwala, ta fito tana nuna mini tawada. A da, idan na'ura ta kasa karanta yatsa, takarda kawai ake cikewa a wuce da mutum, kuma ta wannan ƙofa ɓarayin ƙuri'a ke shigowa.

Amma katuna sama da miliyan 6 ba a karɓa ba kafin wannan zaɓe. A kai rabon katin har mazaɓu, a kuma sa ma'aikata mata a kowace rumfa, domin masu niƙabi su buɗe fuska ba tare da kunya ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Funtuwa, Jihar Katsina