A waiwayi cibiyar al'adun da Demas Nwoko ya gina a Ibadan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida taka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da jami'o'inmu zuwa ga wani gini da ke unguwar Oremeji a birnin Ibadan, wato cibiyar New Culture Studios, wadda Demas Nwoko ya fara ginawa a 1967. Ya tsara ta ne ta ƙunshi ɗakin aikin masu zane da sassaƙa, da zauren baje kolin ayyukansu, da dandalin wasan kwaikwayo, amma har yau ba a kammala ta ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mai karatun Hausa da ginin Ibadan. To, maginin dai Zariya ce ta horar da shi. An haifi Nwoko a 1935 a Idumuje-Ugboko da ke jihar Delta ta yanzu, ya kuma yi karatun zane daga 1957 zuwa 1961 a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A can ne shi da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka tsaya kai da fata cewa ba za su haɗiye koyarwar Turawa yadda aka kawo ta ba, sai sun gauraya ta da fasahar gida. Daga nan ya tafi Faransa ya koyi tsara dandalin wasan kwaikwayo, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ibadan. Bai taɓa yin digirin zanen gine-gine ba, abin da a ganina ya ba shi damar yin tunanin da masu takardar ba su yi ba.

Darajar ginin tana cikin yadda aka yi shi. A lokacin da kowa ke rububin bulon yashi da manyan tagogin gilashi, Nwoko ya kwaɓa jar ƙasar wurin da siminti kaɗan ya buga bulonsa, ya bar bangon da launinsa ba tare da fenti ba. A gine-ginensa yakan rage tagogi, ya shigo da haske ta sama, ya buɗe wa iska hanya yadda mai zafi za ta tashi ta fice, ɗaki ya yi sanyi ba da na'ura ba. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soron ƙasa cikin bazara ya san wannan ba sabon ilimi ba ne. Abin da Nwoko ya ƙara shi ne nuna cewa ana iya yin ginin zamani na jama'a da shi. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin siminti kuma kullum sai hawa yake yi, barin irin wannan darasi ya lalace asara ce ta kuɗi tun kafin a zo batun tarihi.

Ba a Ibadan kaɗai aikinsa ya gamu da jan ƙafa ba, domin cibiyar al'adu ta Oba Akenzua da ya zana a birnin Benin a 1972 sai a 1995 aka gama ta. A 2023 kuwa, babban baje kolin gine-gine na birnin Venis a Italiya ya ba shi lambar Zakin Zinare saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, muka yi ta murna a jaridu, sannan aka yi shiru.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa da ta tattauna da masu cibiyar kan sanya ta cikin gine-ginen da doka ta kare, tare da sharaɗin cewa duk gyaran da za a yi ba zai rufe jan bulon da filasta ko tayil ba. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya kamata ya riƙa tura ɗalibansa su auna ginin, su zana shi dalla-dalla, su ɗauki ma'aunin zafin ɗakunansa a rani da damina, a buga sakamakon domin magina su amfana.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum