Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamar da ta yi mini tambaya a kan matan Menonawa

Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne domin in biya bashin amsar da kike bi na. A ƙarshen laccar da na gabatar a kan ƙaurar Menonawa daga Rasha zuwa Kanada, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko matar manomin da na yi ta yabo ta zaɓi wannan rayuwa da kanta, ko kuwa raƙumi da akala ce, mijinta da dattawan coci suka ja ta daga wata nahiya zuwa wata, mu kuma muka zo muna kiran wahalarta imani. Lokaci ya ƙure a ranar, kuma amsar da na ba ki ba ta gamsar da ni ba, balle ke.

Saboda waɗanda ba su halarci zaman ba, Menonawa Kiristoci ne da suka samo sunansu daga Menno Simons, limamin Katolika ɗan ƙasar Holan wanda ya bar cocinsa a 1536 ya shiga cikin masu cewa ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Ba sa ɗaukar makami, ba sa yin rantsuwa, kuma a kan wannan suka sha tsanani har suka koma yankin kogin Vistula kusa da birnin Danzig, a ƙasar Poland ta yau, daga can kuma, bisa gayyatar Sarauniya Katarina ta Rasha, suka sauka a kudancin Rasha, wato Yukiren ta yau, inda suka kafa matsugunan Chortitza a 1789 da Molotschna a 1804. Sa'ad da gwamnatin Rasha ta kama hanyar janye alkawarin da aka yi musu na cewa ba za a ɗebi 'ya'yansu aikin soja ba, kimanin mutum 18,000 suka tashi zuwa Amurka ta Arewa daga 1874, kusan 7,000 daga cikinsu suka nufi lardin Manitoba da ke Kanada.

Akwai gaskiya mai yawa a gefenki, kuma ba zan rage ta ba. Wakilai goma sha biyun da aka aika a 1873 su duba ƙasar dukansu maza ne. A wancan zamani, taron 'yan'uwa da ke yanke hukunci a coci na maza ne zalla, mace ba ta wa'azi, ba ta jefa ƙuri'a, kuma ko a wajen ibada gefenta daban. Gwamnatin Kanada ma da ta ba da eka 160 ga kowane magidanci, sunan namiji take rubutawa, sai dai in mace ce ke riƙe da iyali bayan mijinta ya rasu. Na tabbata a cikin dubban nan akwai matan da suka bar kaburburan iyayensu da lambunan da suka dasa ba da son ransu ba, kuma wanda ya ce babu su bai san halin ɗan Adam ba.

Inda na rabu da ke shi ne batun akala, domin raƙumin da ake ja ba ya shirya guzurin ayari, ita kuwa wannan mata a kanta tafiyar ta rataya. Makonni kafin tashi ita ce ta gasa burodinsu da ake kira zwieback, ta sake busar da shi har ya yi ƙayau, ta cika buhuna da shi domin ya kai su jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Da suka sauka a gaɓar kogin Red da ke Manitoba a ƙarshen bazarar 1874, ba su tarar da gida ba. Iyalai da yawa sun yi hunturun farko a cikin semlin, wato rami ne da ake haƙa a ɗaga bangonsa da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa a rufe samansa, a ƙasar da sanyinta ke sauka ƙasa da awo 30 a ƙarƙashin sifiri, kuma sau da yawa saniya da ɗan maraƙi na cikin ɗakin tare da yara domin ɗumi. A shekara ta gaba fara ta cinye shuka. A filayen yamma da kogin, inda itace ya yi ƙaranci, mata da yara ne ke busar da kashin shanu da aka gauraya da kara su yanka shi kamar tubali ya zama makamashi. Ita ke tatsar nono, ta kaɗa mai, ta tara ƙwai, waɗanda ake kai wa kasuwar birnin Winnipeg su kawo ɗan kuɗin hannu kafin alkama ta fara biya. Duk wannan tana yin sa tsakanin goyo da ciki, kuma kaɗan ne daga cikinsu ba su binne ɗa ko 'ya ba.

Za ki iya ce mini yawan aiki ba ya nuna 'yanci, baiwa ma tana aiki. Shi ya sa nake so ki dubi tsarin gadonsu. Suna da ofishin marayu da suke kira Waisenamt, wanda suka taho da shi daga Rasha, kuma a ƙa'idarsa idan miji ko mata ya rasu, wanda ya rage yana ɗaukar rabin dukiya, sauran rabin a raba wa 'ya'ya daidai wa daida, mace da namiji. Ma'anar wannan a ƙauye ita ce amarya kan shiga gidan miji da rabonta na gona ko na kuɗi, wani lokaci ma mijin ne ke tarewa a ƙauyen matar saboda a can ƙasar take. Macen da ta san rabin gonar nata ne, ko ba ta buɗe baki a taron coci ba, da wuya a ɗaure kayan gidan ba a ji ta bakinta ba a ɗaka.

Sai batun imanin kansa, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Wannan mata ba a haife ta 'yar coci ba. Sai da ta zama budurwa ta haddace tambayoyi da amsoshin koyarwar addini, ta durƙusa a gaban jama'a ta amsa da bakinta, sannan aka zuba mata ruwan baftisma. Na san matsin dangi da na ƙauye yana da ƙarfi, kuma wadda ta ƙi ba ta da wurin aure a cikinsu. Duk da haka, labaran da ta tashi tana ji cike suke da mata irinta da suka tsaya da ƙafafunsu. A babban littafinsu na shahidai, wanda Thieleman van Braght ya wallafa a 1660, akwai Maeyken Wens da aka ƙona a birnin Antwerp a 1573 bayan an maƙale harshenta da ƙarfe don kada ta yi magana ga jama'a, ɗanta kuma ya tono ƙarfen daga cikin toka ya adana. Yarinyar da aka rena da wannan labari ta san cewa a addininta mace ma tana amsa tambayar Allah ita kaɗai, miji ba ya amsa mata. Suna da wata kalma, Gelassenheit, wadda ke nufin sallama kai ga nufin Allah da barin son zuciya. A ganina kalmar tana da kaifi biyu: da ita mace ta iya tashi ta tatsi saniya washegarin da ta binne jaririnta, da ita kuma aka rufe bakin wadda ke da ƙorafi na gaskiya a kan mijinta. Ban yarda a ɓoye ɗaya domin a fito da ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba a laccar, wanda ya kamata in faɗa. Filin da aka keɓe musu ba kango ba ne, ƙasar mutanen Anishinaabe da Métis ce, wato 'yan asalin yankin, wadda gwamnati ta karɓe bayan yarjejeniyar da ta ƙulla da Anishinaabe a 1871, don haka hijirar da ta ba wannan mata mafaka ta takura wa wasu mata da ba mu ambace su ba.

Idan kina son mace guda da za ki auna maganata a kanta, ki nemi tarihin Aganetha Reimer ta garin Steinbach, garin da iyalai 18 suka kafa a 1874. Ta iso Manitoba tana yarinya, mahaifinta Jakob Barkman, mai wa'azi, ya nutse a kogin Red a 1875, ita kuwa ta girma ta zama ungozomar yankin, ta karɓi haihuwa ɗaruruwa, kuma ita ake kira ta shirya gawa idan an yi rasuwa. Ba ta taɓa hawa mumbari ba, amma tsakar dare ƙofarta ake ƙwanƙwasawa, ta ɗauki jakarta ta fita cikin ƙanƙara.

Ina jiran martaninki a duk inda kika ga ya dace ki bayar da shi.

Ki huta lafiya.

Ɗan'uwanki a fagen karatu