Wasiƙa ga Edita: Kada a saya wa yaro siki irin sayen takalmin Sallah

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ni mai karanta jaridarku ne daga nesa, ɗan Kano ne amma yau shekara goma sha ɗaya ina zaune da iyalina a Salt Lake City, jihar Utah ta Amurka. Nasan wani zai ga kan wasiƙar nan yace ina ruwan Bahaushe da zamiya kan ƙanƙara. To ƴaƴanmu da suka tashi a nan da na Kanada da Jamus ba haka suke gani ba, abokansu na makaranta duk Asabar suna kan dutse, kuma sau nawa bayan sallar Juma'a wani ɗan uwa zai ja ni gefe yace Alhaji yarona ya dame ni da maganar siki, wanne zan saya mishi. Shi yasa nace bari in rubuto, dan kar wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Ga wanda bai sani ba, siki alluna ne guda biyu dogaye da ake maƙala su a ƙasan takalmi a gangaro dutse a kan dusar ƙanƙara. Garin namu kuwa wannan wasan kamar ƙwallo yake a wurinsu, nan akayi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 2002 kuma an sake basu ta 2034. Daga gidana ba ka cika awa ɗaya a mota ka isa duwatsun da ake wasan, Alta ko Snowbird ko Brighton. A Alta dusar da ke zuba a shekara ta kan haura inci 500, kusan mita 13 kenan, kuma busasshiya ce mara nauyi, idan ka damƙa a hannu bata dunƙulewa sai ta watse kamar garin alkama. Ita suke kira hoda. Ranar da ta zuba cikin dare da asuba zaka ga layin motoci a bakin kwazazzabon Little Cottonwood ana jiran a buɗe hanya.

Babban ɗana shekararsa 15, tsawonsa santimita 168, nauyinsa kilo 55, siriri ne dai irin namu. Ya koyi wasan tun yana ƙarami da kayan haya, da ya fara ƙwarewa sai ya koma son salon tsalle da juyi a sama da gangarowa da baya, kuma yana son yayi duk wannan a cikin hoda mai zurfi kamar yadda yake gani a bidiyo a YouTube. Yazo ya same ni yace Baba siki mai faɗi nake so, irin na wani gwani da yake gani, mai ƙugu 120, wato faɗin tsakiyarsa milimita 120.

A nan nayi kuskuren. Ƙarshen kakar sanyi shaguna na karya farashi, na shiga wani shago na ga irin wanda yake so an zaftare mishi kuɗi, amma saura guda ɗaya kuma tsawonsa santimita 184. Mai shagon bai tambaye ni nauyin yaro ba, bai tambayi ina yake wasa ba, cewa kawai yayi ai yaro ne zai girma. Ni kuma wallahi maganar ta zauna min, dan haka aka rene mu, takalmin Sallah akan sayo da ɗan girma a cusa takarda a gaba, riga a ɗinka ta da tsawo ta kai shekara biyu. Na biya na ɗauka ina murna. Ashe arha bata ado.

Da sanyi ya dawo na fara lura yaron da ke dawowa yana zuba labari a mota yanzu shiru yake, ya jingina kai da gilashi yana matsa gwiwa. Ranar da abin ya tsorata ni a Brighton ne, ina tsaye a ƙasa ina kallonsa yana gangarowa ta gefen itatuwa, yazo zai sha kwana allunan suka ƙi juyawa, na ga yana fama dasu da dukkan jikinsa kamar mai jan taurin sa, ya wuce wata bishiya da bai fi taku biyu ba ya kife. Da na iso ya zauna ya cire tabarau, dusa ta cika mishi wuya, hannunsa na rawa, yace Baba basa jin magana ta. Bai ji ciwo ba Alhamdulillahi, amma daren nan ban yi barcin kirki ba, maman yara kuwa cewa tayi wasan ya ƙare daga yau.

Wani dattijo mai koyar da wasan, Bature, shi ya zaunar dani ya warware min komai, kuma abin da ya faɗa daga baya na tabbatar da shi wurin masu gyara. Duk siki zaka ga lambobi uku a jikinsa, faɗin baki da faɗin ƙugu da faɗin wutsiya, a milimita. Na tsakiyar, wato ƙugun da ke ƙarƙashin ƙafa, shine magana. Na filin da ake tsalle da zamiya a kan ƙarafa yawanci tsakanin 85 ne zuwa 95, na hoda zalla daga 110 zuwa 120 har sama. Faɗin yana sa mutum ya yi iyo a saman dusa bai nutse ba, to amma wa ke buƙatar faɗin sosai? Mai nauyi. Ƙato mai kilo 90 shi ke nutsewa, yaro mai kilo 55 ƙugu 100 zuwa 106 ya ishe shi ya taso sama sarai. Sannan ga abin da bidiyo baya nuna maka, ko a Utah ba kullum ake hoda ba, ta zuba da safe kafin azahar an tattake ta, sauran kwanakin ƙasa a daskare take da tauri, kuma a kan tauri allo mai faɗi sai ka karkata shi sosai kafin kaifin gefensa ya kama, duk wannan ƙarfin a gwiwa yake sauka. Gwiwar da bata gama ƙwari ba. Ciwon da yarona yake matsawa a mota kenan ban gane ba.

Sai maganar lanƙwasa, wadda ni ta fi burge ni. Siki irin na da idan ka ajiye shi a ƙasa tsakiyarsa a ɗage take kamar doro, baki da wutsiya ne ke taɓa ƙasa, wannan doron shi ke bada riƙo da tsalle. Wani gwani mai suna Shane McConkey shi ya kawo tunanin a juya abin, ya kwaikwayi allon da ake zamiya dashi a kan ruwa, kamfanin Volant suka fitar da Spatula a 2002 mai lanƙwasa kamar ayaba, baki da wutsiya a sama. Yau yawancin na hoda haɗin gambiza ne, doro kaɗan a ƙarƙashin ƙafa, gaba da baya a ɗage. Ga matashi mai son yin komai da allo ɗaya wannan haɗin nake ba shawara, kuma ya zama mai baki biyu, wato wutsiyar ma a tanƙware take sama dan ya iya sauka da baya, salon da Salomon 1080 ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990. Irin su Atomic Bent 100 da K2 Reckoner 102 da Armada ARV 106 duk a wannan layin suke, ba talla nake wa kowa ba, misali ne dan mutum ya san abin da zai nema.

Tsawo kuwa, tunda gaba da bayan a ɗage suke ba duka allon ke taɓa ƙasa ba, dan haka ana iya ɗaukar wanda ya kai tsawon yaron ko ya ɗara shi da ƴan santimita in ya ƙware. Ƴan santimita nace, uku ko biyar, ba 16 irin nawa ba. Mun koma 172 mai ƙugu 102, kuma bai da tauri sosai yadda nauyinsa zai iya lanƙwasa shi, dan allon da aka ƙera wa babban mutum yaro ko ya danna baya lanƙwasuwa.

Yanzu ga inda nake so iyaye su buɗe kunne dan Allah. Akwai maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allon, aikinsa ba riƙewa kaɗai bane, aikinsa ya saki ƙafar idan an faɗi kafin ƙashi ko jijiyar gwiwa su karɓi murɗar. Yana da lamba da ake kira DIN, ana saita ta da nauyi da tsawo da shekaru da tsawon tafin takalmin da kuma yadda mutum yake wasa. Na yarona mai gyara ya saita a wajen 5. Bayan sati biyu na kama shi a gareji da sukundireba zai murɗa zuwa 9, wai abokansa sunce ƙaramar lamba ta ƴan koyo ce kuma allon yana cire mishi in ya dira. Ban taɓa ɗaga mishi murya kamar ranar ba. Washegari na mayar da shi shagon gyara, suka ɗora a na'ura suka gwada, ashe matsin bayan takalmin ne bai zauna daidai ba, suka gyara shi, lambar na nan inda take kuma bai sake cirewa ba. Kar uba ya bari yaro ya taɓa wannan sukurun, kuma duk shekara a sake auna shi a sake saitawa tunda girma yake. Wurin ɗaura maƙalin ma akwai magana, masu tsalle suna son shi a tsakiya cif, amma a hoda hakan na sa baki ya nutse, mu dai layin da kamfani ya zana muka bi.

In kuɗi basu kai a sayi komai sabo ba, to a sa su a takalmi da hular kwano, allon a saye na hannu. Takalmin nan shi ne ba'a saye da girma ko kaɗan, in ƙafa tana yawo a ciki yaro ya juya allo bai juya ba, ga farce ya mutu ga ƙwauri ya ɗaye. Ana yin kasuwar gwanjon kayan siki a nan kafin sanyi ya shiga, ta Park City a watan Nuwamba akeyi, kaya masu kyau na yaran da suka girme su. Sai dai a duba gefen ƙarfen ko ya tsage, a ƙirga ramukan da aka taɓa hudawa, kuma tsohon maƙali da yawa masu gyara basa yarda su taɓa shi. Shaguna kuma na bada hayar gwaji ta kwana ɗaya, yaro ya hau kala biyu ko uku ya ji da ƙafarsa, ya fi sayen kifi a ruwa.

Abu na ƙarshe shine wanda yafi tsaya min a rai. Allo mai faɗi yana kiran yaro zuwa inda ba'a taka ba, da an cinye hodar cikin fili sai idonsa ya koma bayan igiyar iyaka, can kuwa babu mai kula da zaftarewar dusa. A ranar 26 ga Disamba 2003 dusa ta zaftaro ta kashe samari uku a Aspen Grove nan Utah, bayan nan ne cibiyar lura da zaftarewar dusa ta jihar ta fara shirin wayar da kan matasa. Kullum da safe lokacin sanyi suna fitar da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma abin mamaki mutane sun fi mutuwa a mataki na 3, lokacin da ake ganin kamar da sauƙi. Wanda dusa ta binne in ba'a tono shi cikin kamar minti 15 ba damar rayuwarsa faɗuwa take warwas. Ko a cikin fili ma akwai ramin gindin bishiya, rassa na hana dusa cika wurin sai ya zama rijiya a ɓoye, mutum ya faɗa da ka ya kasa numfashi. Sharaɗin gidana guda biyu ne, ba ya ƙetare igiya, kuma ba ya shiga cikin itatuwa sai da aboki da suke ganin juna, ga usur na ɗaura mishi a zif ɗin riga. Na kai shi ya saurari laccar cibiyar, nima na zauna a baya na saurara.

Maman yara ta sauko daga baya, da sharaɗin duk ranar da zai hau dutse sai ya kira ta da azahar. Kwanaki yaron yake gaya min ai Najeriya ma ta taɓa tura ɗan siki Olamfik, Samuel Ikpefan a Beijin 2022, kuma shi yaron nawa a 2034 shekararsa bata wuce ba, nace Allah ya nuna mana, yanzu dai je ka ɗauko littafin lissafi. Dogon allon nan mai 184 yana nan jingine a gareji, a Nuwamba zan kai shi gwanjo.

Malam Edita ina roƙon ku riƙa ba mu ɗan fili mu mazauna waje, akwai abubuwa da yawa na renon yara a ƙasashen sanyi da bamu gada ba kuma babu wanda ya rubuta mana su da Hausa. Na gode da haƙurin karanta doguwar wasiƙa, a gaida duk ma'aikata.

Wassalam,
Wani uba ɗan Kano,
daga Salt Lake City, Amurka