Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya shimfiɗa mini intalok a tsakar gida

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Ni ce matar da ka kashe wa waya jiya Talata, 17 ga Satumba, 2024, da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe. Kafin ka kashe ka faɗi magana, zan kuma maimaita ta yadda ta fito daga bakinka don kada gobe a ce na ƙara gishiri: "Hajiya, harkar gini ba ta mata ba ce. Ki turo maigidanki ko wani ɗan'uwanki namiji mu yi magana, ni ba ni da lokacin surutu." Na sake kira sau huɗu kafin azahar, ba a ɗaga ba. Maigidan da kake cewa in turo shekararsa shida a ƙarƙashin ƙasa, kuma ka sani, domin na faɗa maka tun ranar da ka zo awo. Ranar da zan tura kuɗi ba ka nemi namiji ba, lambar asusu ka turo mini, har da addu'a a ƙarshen saƙon. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, kun dai san kanku.

Ni malamar makaranta ce, gidana yana Rijiyar Zaki a nan Kano. Tsakar gidan ƙasa ce tun da aka gina shi, duk damina sai ta koma caɓi, mahaifiyata kuwa da sanda take tafiya. Daga ɗakinta zuwa banɗaki taku goma sha ne, amma in an yi ruwa sai an riƙe ta. Wannan ne ya sa na shiga adashe, na riƙa cire wani abu daga albashi, na sayar da tumaki biyu, har na haɗa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kusan shekara biyu ina tarawa. Na rubuta a littafi cewa aikin kada ya wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin, ragowar dubu hamsin ta zauna saboda abin da ka iya tasowa.

Ban yi gaggawa ba. Mutum uku na kira, kowa ya auna, kowa ya sami murabba'in mita 140. Na farko birkila ne na unguwarmu, ya ce naira 780,000, da baki, babu takarda, babu maganar magudanar ruwa. Na ce araha ba ta ado, na ba shi haƙuri. Na uku wani dattijo ne mai ƙaramin kamfani, ya ce 1,420,000, ya rubuta komai dalla-dalla har shafi biyu: tifa nawa ta jar ƙasa, tifa nawa ta yashi, kuɗin hayar injin daɓe, kuɗin leburori, kuɗin kwashe tarkace. Ya fi ƙarfin aljihuna. Ku ne na tsakiya, 1,150,000, a kan takarda mai tambarin kamfani da sa hannu. Na shimfiɗa takardarku da ta dattijon a kan tabarma na kwana uku ina gwada su layi da layi. Na ga duk abin da dattijon ya lissafa ku ma kun ambata, sai dai ku ba ku sa adadi a gaban kowane abu ba. Na tambaye ka dalili, ka ce ai ku da kanku kuke buga intalok ɗinku, shi ya sa kuka fi sauƙi, kuma jimla ita ce magana. Na yarda. Takardar tana gabana yanzu da nake rubutu. Ga abin da ta ce: intalok mai kaurin milimita 60, cikon jar ƙasa da daɓe da inji, shimfiɗar yashi, bakin siminti a duk gefuna, magudanar ruwa daga tsakar gida zuwa kwatar waje, kammalawa cikin kwana 21.

Ranar Laraba, 6 ga Maris, na tura kashi sittin cikin ɗari, naira 690,000. Rasit yana hannuna. Azumi ya kama ranar 11, kuka ce leburori ba sa iya aikin rana, na ce gaskiya ne, ni ma ina azumi. Aka yi sallah ranar 10 ga Afrilu, ban ga ko tsakuwa ɗaya a ƙofar gidana ba. Bayan sallah da kamar mako guda ka kira ka ce siminti ya tashi, sai na ƙara dubu ɗari biyu ko aikin ya tsaya.

A nan nake so ka tsaya ka ji, Malam. Kowa ya san siminti ya yi tashin gwauron zabi a 2024, amma a watan Fabrairu ne abin ya yi tsanani, lokacin da buhu ya haura dubu goma a wurare da dama, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti aka ce a riƙa sayarwa tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Takardarku kuwa a watan Maris kuka rubuta ta, wato da tsadar a gabanku kuka yi lissafi. Ni da ƙafata na je Kofar Ruwa na tambayi farashi kafin in biya ku, na sake komawa bayan kiran nan naka, na tarar ya ma ɗan sauka. Na faɗa maka haka. Ka ce ba siminti kaɗai ba ne, ai akwai kuɗin mai. Tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023 aka cire shi, wata tara kafin mu haɗu. Duk da haka na biya, domin kuɗina na farko suna hannunku, damina kuma tana matsowa. Dubu hamsin ɗin da na ajiye ta tafi a nan.

Aikin da aka ce na kwana 21 ne sai a cikin Mayu aka fara shi. Yara uku kuka turo, babbansu bai fi shekara ashirin ba. Injiniyan da ka ce zai riƙa zuwa kullum sau ɗaya na gan shi, ya tsaya a bakin get yana waya, ya juya. Injin daɓe bai taɓa shiga gidana ba. Da idona na ga yaran suna buga ƙasa da guntun bulo da tafin ƙafa, na yi magana, suka ce oga ya ce injin yana wani aiki a Hotoro, in an gama jerawa za a kawo a bi ta kai. Ba a kawo ba. Ana tsaka da jerawa ka ce in ba da dubu ɗari uku daga cikon kuɗin don a sayo kayan magudana, na tura. Jimlar abin da ya fita daga hannuna ya shiga naku ya zama 1,190,000, wato ya zarce abin da ke kan takarda da dubu arba'in. Magudanar har yau babu ita. Bakin siminti gefe ɗaya aka yi, gefen da ake gani daga ƙofa.

Sai ruwa ya sauka. Kun karkata gangarar zuwa cikin gida maimakon waje, don haka duk ruwan da ya zubo daga indararo sai ya taru a ƙofar ɗakin mahaifiyata ya kwanta. A cikin Agusta akwai daren da muka kwana muna kwalfe ruwa da bokiti da faranti, ni da 'ya'yana, tabarmar sallarta tana yawo a kan ruwa. Jikin bangon ɗakin ya sha danshi har kusan gwiwa, fenti ya kumbura, filasta tana zubowa kamar garin tuwo. Inda nake ajiye mota ya lotsa, ya yi kwari biyu daidai sawun taya. A gefunan da babu bakin siminti intalok ɗin ya buɗe, yashin ƙarƙashi ya bi ruwa, in ka taka ɗaya sai ya ɗaga kai ya watso maka ruwan laka a zane. A kan irin wannan ne sandar Inna ta maƙale ranar wata Juma'a da asuba, ta faɗi a kan hannunta. Allah ya taƙaita babu karaya, amma mako biyu ba ta iya ɗaga buta. Aikin da na yi don kada ta faɗi, shi ya kayar da ita.

Tun ranar da aka sauke kayan zuciyata ba ta kwanta da kaurinsu ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bayan faɗuwar Inna na zaro guda biyar daga wurare daban-daban, na ɗauko rular ɗalibaina na auna. Babu wanda ya kai milimita 60. Huɗu 45 ne, ɗaya bai ma kai ba. Na goga gefen ɗaya da babban yatsa, ya marmashe a hannuna. Na kira dattijon nan da na bari saboda tsada, na ji kunya amma na kira, ya zo bai yi mini gori ba. Ya tsuguna ya ɗaga guda uku, ya tona da hannu, ya nuna mini: babu jar ƙasa a ƙarƙashi sai tsohuwar ƙasar gidan da ɗan yashi da bai kai kaurin yatsa biyu ba. Ya ce yashi ya yi wa simintin yawa wajen bugawa, kuma ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba aka ɗebo shi. Ya ce gyaran sai an kwashe komai, a cike, a daɓe, a juya gangara, a haƙa magudana, kuma kusan rabin intalok ɗin ba zai moru ba. Ya rubuta mini 610,000.

Kiran da na yi muku tsakanin Yuni da jiya ban san adadinsa ba. Wani lokaci a ce kana Abuja, wani lokaci a ce an yi muku rasuwa, na yi ta'aziyya da zuciya ɗaya. Farkon Agusta kuka ce dokar hana fita ce ta hana ku zuwa, na karɓa, domin duk Kano mun zauna a gida a kwanakin zanga-zangar tsadar rayuwa. An ɗage dokar, ba ku zo ba. Na je ofishinku sau biyu, na zauna a benci har la'asar. Na tura hotuna ta WhatsApp, an buɗe, ba a amsa ba. Na gaji da gafara sa, ban ga ƙaho ba. Amsa ɗaya tak na samu a rubuce, ranar 2 ga Satumba, wai ana bina cikon naira 160,000, in na biya za a turo yara su duba. Wato dubu ɗari biyun nan ba ta cikin lissafi. In na biya wannan, aikin ya tashi a kan 1,350,000, tsakaninsa da farashin dattijon dubu saba'in kacal, shi kuwa da yanzu ina da magudana da tsakar gida mai ɗaukar mota.

Da na zauna na yi wannan lissafin ne na gane abin da aka yi mini. Ba kuskuren yara ba ne. Kun san mai albashi zai tambayi mutum biyu ko uku, kun san zai ji tsoron mafi araha, mafi tsada kuma ya fi ƙarfinsa. Sai ku tsaya a tsakiya da takarda mai tambari, ku ambaci komai, ku ƙi sa adadi a gaban komai. In kuɗin farko sun shiga hannu, mutum ya zama naku: ku ƙara farashi da sunan siminti, ku rage kauri, ku tsallake duk aikin da ke ƙarƙashin ƙasa tunda ido ba ya ganinsa sai damina ta tona. Masu gaskiya irin dattijon nan su rasa aiki saboda sun faɗi farashin gaskiya. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Zaman da na yi a bencin ofishinku na haɗu da wata baiwar Allah, ma'aikaciyar asibiti, da hotuna a wayarta kamar an ɗauka a gidana. Ita ma an ce ta turo mijinta. Ina zargin da gangan kuke zaɓar mata da tsofaffi da 'yan fansho, waɗanda kuke ganin za su yi kuka a ɗaki su bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma Allah bai hana ni neman haƙƙina ba.

Ga abin da nake nema. Ku turo mini naira 610,000 na gyara, domin ban ƙara yarda yaranku su taɓa gidana ba. Ku mayar mini da dubu ɗari biyun da kuka karɓa da sunan tsadar siminti. Ku janye maganar cikon 160,000 a rubuce. Gyaran bangon ɗakin Inna ma a kanku yake, zan kawo ƙiyasinsa. Sannan kai, Malam Manaja, ka ba ni haƙuri a kan maganar jiya, da bakinka, kamar yadda ka faɗe ta da bakinka. Ina kuma so ku koma gidan matar nan da duk gidan da kuka yi wa aiki a bana, ku ɗaga intalok ɗaya a gaban mai gidan ku auna.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau, Laraba, 18 ga Satumba. In sun cika ban ji komai ba, zan kai takardar ƙiyasinku da rasit uku da hotuna da saƙon 2 ga Satumba gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da ta tarayya, FCCPC, daga nan kuma kotun ƙananan ƙararraki. Mai unguwarmu ya riga ya zo ya gani da idonsa, ya ce zai ba da shaida. Intalok biyar ɗin da na auna suna cikin buhu a bayan ƙofa, da su zan tafi, kuma ni da kaina zan tsaya a gaban alƙali.

Wassalam.

Malamar makaranta,
Rijiyar Zaki, Kano.